Zariya ko Kano: Kawu na ja, Baba na ja

Assalamu alaikum Malam. Ni yaro ne ɗan shekara 19 daga Tawa. Bana na ci bak, sashen D, da sakamako mai kyau, kuma tun ina lise na ƙulla a raina aikin gona zan karanta. Babana falke ne, albasa yake saye a Galmi da kewaye yana kaiwa Kano. Na taso ina ganin yadda ake fitar da ruɓaɓɓiya daga rudu ana zubarwa, ina so in san maganin wannan asara. A gida an yarda in tafi Najeriya karatu, sai dai an rabu kan jami'a. Kawuna, yayan innata, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya yi karatu shekaru masu yawa da suka wuce. Ya ce duk Arewa ba ta da ta biyu, kuma in na tafi can zai ɗauki rabin kuɗin karatuna, in kuwa wani wuri ne, ba ruwansa. Baba ya ce Jami'ar Bayero ta Kano zan je, domin can yake da mai masauki na shekara da shekaru, kuma kusan kowane wata yana shiga garin. Ni kaina zuciyata ta fi karkata Kano, saboda na karanta labarin cibiyarsu ta noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa, ga shi aminina ma can zai nema. Amma kuɗin Kawu ba abin yarwa ba ne, kasuwar Baba ba kamar da ba. An ce mini wajen cika takardar jarrabawar shiga, ɗaya kawai zan sa a zaɓin farko. Ingilishina kuma na lise ne, ina karantawa in gane, magana ce ke ba ni wuya. Yanzu Baba da Kawu gaisuwa kawai ke haɗa su, Inna ta yi shiru ba ta cewa komai. Barci ya ƙaurace mini. Wacce zan zaɓa ba tare da na ɓata wa kowa ba?

Ɗanku daga Tawa

Wa alaikumus salam, ɗana. Barka da arziki, Allah ya sa wa wannan bak albarka. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ya fi faranta mini rai a cikinta shi ne rudun albasa. Yawancin yaran da ke rubuto mini a wannan lokaci na shekara sunan jami'a suke riƙe da shi, ba su san abin da za su je yi cikinta ba. Kai kuwa ka san warin da ke tashi idan aka buɗe rudu bayan ruwan farko ya sauka, ka ga yadda ake zama ana tsince mai kyau ana jefar da wadda ta yi laushi, ka ga fuskar mahaifinka yana ƙirga buhunan da suka rage. Wannan tambaya da ka taso da ita ita ce jarinka, ka riƙe ta, domin da ita za mu auna jami'o'in biyu.

Gasar da ke tsakanin Zariya da Kano tsohuwa ce, amma ta ƴan gida ɗaya ce. An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoban 1962, da sunan Sardaunan Sakkwato. Abin da ake kira Jami'ar Bayero yau, a lokacin kwaleji ce a ƙarƙashinta, Kwalejin Abdullahi Bayero, sai a 1977 ta zama jami'a mai cin gashin kanta. Uwa ce da ɗiyarta. Tsoffin ɗaliban Zariya suna taƙama da girma da tarihi, na Kano suna taƙama da yadda tasu ta yi saurin tasowa, kuma in sun haɗu wajen suna ko ɗaurin aure sai sun taɓa juna. Duka biyun jami'o'in gwamnatin tarayya ne, hukuma ɗaya ke duba manhajarsu, malamai da yawa na wannan a waccan suka yi karatu. Ranar da ka dawo Nijar da takardar shaida, mai ɗaukar aiki a Yamai ba zai raina ka don ta Kano ce ko ta Zariya ba. Zai tambaye ka abin da ka iya, ya tambaye ka ko ma'aikatar ilimi mai zurfi ta amince da takardar. Saboda haka ka sauke wannan nauyi na wacce ta fi wacce. Tambayar da ta dame mu ita ce wacce ta fi dacewa da kai, kai ɗin nan mai Ingilishin lise, ɗan falken albasa, a shekara biyar masu zuwa.

Na ce biyar da gangan. Digirin farko na aikin gona a Najeriya shekara biyar ne, ba uku ba irin lisans ɗinmu, kuma shekara ta huɗu ana yin ta ne a gona da hannu. Ka sa wannan cikin lissafinka tun yanzu, ka kuma tabbata Baba da Kawu duka sun san da shi.

A fannin noma, Samaru, inda babban harabar jami'ar Zariya take, ta girmi jami'ar kanta. Tun 1922 ake binciken noma a wurin, kuma daga nan cibiyar binciken aikin gona ta jami'ar ta samo asali. Irin wake da dawa da gyaɗa da masara da ake sa wa suna da ke farawa da SAM, daga Samaru sunan ya fito. Kusa da ita, a Shika, akwai cibiyar binciken kiwon dabbobi, akwai kuma cibiyar da ke kula da aikin malaman gona. Ɗalibin digirin farko a irin wannan wuri yana tashi ne cikin filayen gwaji, yana ganin masu bincike suna auna tsiro da sanda suna rubutawa, ko bai shiga aji ba ido na koyo. Gaskiya ne ruwan Samaru ba irin namu ba ne: can damina na kawo kimanin milimita 1000, mu a garin Tawa in mun samu 400 mun gode Allah. Kano ta fi kusa da yanayinmu, ko da yake ita ma ta fi mu ruwa nesa ba kusa ba.

Cibiyar da ka karanta labarinta a Kano kuwa gaskiya ce, kuma abin alfahari ce. An kafa ta a 2012, daga baya ta shiga cikin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka da Bankin Duniya ke tallafawa, kuma aikinta a kan ƙasashe irin namu ne, masu ƙarancin ruwa da zaizayar ƙasa. Amma ga abin da nake so ka lura da shi, ɗana, domin shi ne ƙashin bayan shawarata: ƙarfin wannan cibiya a karatun gaba da digirin farko yake, wato masta da dakta. Yaron da ya shiga aji ɗaya, a tsangayar aikin gona zai zauna, ya yi ta fama da ilimin sinadarai da na halittu da lissafi kamar kowa. Cibiyar za ka riƙa wucewa ta gabanta ne, ƙila ka halarci lacca in an gayyaci kowa da kowa. Abin da ya ja zuciyarka Kano ƙofa ce da ba za ta buɗe maka sosai ba sai ka gama shekara biyar ɗin nan, kuma a ranar ba za ta tambaye ka dalilin da ya sa ba a Kano ka fara ba. Sakamako za ta duba.

Shekarun farko na gina tushe ne: sanin ƙasa, sanin tsiro, cututtuka da ƙwari, ban-ruwa, tattalin arzikin noma. Cutar da ke ruɓar da albasa a rudun Galmi, da yadda danshi da zafi ke taimaka mata, da dalilin da ya sa wadda aka ɗura wa taki da ruwa gab da cira ba ta jure ajiya, duk wannan ilimi ne da za ka samu a kowacce daga cikin biyun. Abin da ya shafi ƙasarmu kai tsaye kuwa, rabinsa a gida yake jiranka. Ka je Keita ka ga abin da aikin farfaɗo da ƙasa da aka fara a 1984 ya bari, ka je wajen Illela da Badagishiri ka ga tassa da rabin-wata, wato ramukan tare ruwan sama, a kan faƙo, ka ga layukan itatuwan kare iska na kwarin Majiya. Masu bincike daga nesa suke zuwa su koyi waɗannan abubuwa a jiharku. Kai hutu kawai za ka zo ka same su a bakin ƙofa.

Yanzu maganar Ingilishi, wadda ka ambata a layi ɗaya kamar ƙaramin abu. Ita ce babba. Na koyar shekaru masu yawa, na ga yaranmu masu ƙwaƙwalwa sun tsallaka iyaka sun dawo da sakamako mai rauni, ba don ba su gane darasi ba sai don harshe ya riƙe su. Akwai wani ɗalibina da ba na mantawa, haziƙi a lissafi, wanda ya sauka gidan ƴan uwa a wani babban birni na Hausawa. Da safe Hausa, a mota Hausa, a kasuwa Hausa, da abokai Hausa, sai cikin aji kawai yake jin Ingilishi, shi ma bai buɗe baki. Da ya zo hutu bayan shekara biyu na ce ya bayyana mini abin da yake karantawa da Ingilishi, sai ya sunkuyar da kai yana murza hula a hannu. Ya gama karatun, amma da ƙyar, kuma har yau ina jin ciwon abin. Kano gari ne da mutum zai yi shekara goma cikinsa bai buƙaci kalma ɗaya ta Ingilishi ba, musamman in a gidan mai masaukin babansa yake kwana. Zariya ma ƙasar Hausa ce, kada ka ɗauka wata duniya ce, amma Samaru unguwar jami'a ce a wajen birni, kuma ɗakin kwanan ɗalibai na haɗa ka da yaran da suka fito daga kowane lungu na Najeriya, waɗanda ba abin da zai haɗa ku sai Ingilishi. Wata shida na kunya da kame-kame, sai bakinka ya buɗe.

Akwai kuma wani abu game da Kano da nake so in faɗa maka a hankali, don ba laifin kowa ba ne. Ɗan falke da ke zaune a garin da uban ke kai kaya, ba ya zama ɗalibi zalla. Yau mota ta iso, je ka tsaya a sauke. Gobe dillali ya yi jinkirin biya, je ka karɓo. Jibi wani ɗan garinku ya zo asibiti, kai ne ɗan rakiya. Ba za ka iya ce wa Baba a'a ba, kuma bai kamata ka ce ba. Shi ma ba da niyyar ɓata maka karatu zai aike ka ba, gani zai yi ai ɗansa na nan. Amma daga sabon harabar jami'ar da ke hanyar Gwarzo zuwa kasuwar Ƴankaba da dawowa, yini ya tafi, kuma ɗakin gwaje-gwaje ba ya jiran kowa.

Duk da haka kada ka ɗauka Baba bai da hujja. Yana da ita, mai nauyi kuwa. Shi ba gardamar jami'a yake yi ba, tsoro yake ji. Mutumin da ke bin hanyoyin nan kowane wata ya san abin da kai ba ka sani ba. Ya san halin da hanyar Zamfara ke ciki, wadda ita ce kai tsaye in ka bi ta Ƙonni da Sakkwato za ka Zariya. Ya tuna yadda aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ba a buɗe ba sai watan Maris na 2024, yadda kaya suka tsaya, yadda aika kuɗi ya zama wahala. Ya ji labarin yajin aikin malaman jami'o'in Najeriya na 2022, wanda ya fara a Fabrairu bai ƙare ba sai Oktoba, wata takwas yara na zaune. Wannan yajin aiki Zariya da Kano duka ya rufe su, bai bar ɗaya ba. Abin da ke ransa shi ne: ranar da irin haka ta faru, ko ka kwanta zazzaɓi, wa zai ɗauke ka? A Kano yana da amsa, a Zariya ba shi da ita. In ka samo masa amsa, rabin gardamar ta mutu.

Amsar kuwa ba ta da nisa. Hanyar da ta bi ta Madawa da Maraɗi da Jibiya da Katsina, Kano take fara kai ka, daga nan Zariya kimanin kilomita 150 ce. Kowace tafiya da kowace dawowa ta gidan mai masaukin Baba za ka bi. Shi zai iya zama waliyyinka a can, ta hannunsa kuɗi za su riƙa zuwa, gidansa za ka nufa in an rufe makaranta ba zato. In Baba ya shigo Kano da kaya, ka hau mota ranar Asabar ka je ka gaishe shi ka kwana ka koma. Ya gan ka, ya ji lafiyarka, amma ba ka kusa da za a aike ka kasuwa ranar Talata da hantsi.

Sai Kawu. Shi ma ka yi masa adalci. Mutum ba ya ɗaukar alkawarin rabin kuɗin karatun ɗan ƙanwarsa sai yana ƙaunarsa. Zariya ce ta mai da shi abin da ya zama, yana so ya ba ka mafi tsadar abin da ya sani. Sharaɗin da ya gindaya bai yi mini daɗi ba, da ya ce ko'ina ka je zai taimaka da ya fi kyau, amma dattijo da makarantarsa sai haƙuri. Abin da ya fi damuna shi ne alkawarin a baki yake, kuma ga alama kai aka faɗa wa, ba mahaifinka ba. Nan ne ciwon yake. Uba yana zaune a yi masa tayin kuɗi a kan ɗansa ta bayan fage, da sharaɗi, dole ya ji kamar an ce bai isa ba. Ina kyautata zaton rabin tsayuwar da Baba ya yi kan Kano daga nan ta fito. Maganinsa shi ne Kawu ya tako da ƙafarsa ya zo ya sami Baba, ya ce masa yaron nan namu ne, ka ba ni dama in sa hannu. In ya yi haka, ya mayar wa Baba girmansa. A wannan zama kuma a fayyace: rabin me? Kuɗin rajista kaɗai, ko har da ɗaki da abinci da mota? Na shekara nawa? In yajin aiki ya mai da biyar ta zama shida fa? Da sefa za a ƙayyade ko da naira? Wannan ta ƙarshe ba ƙaramar tambaya ba ce, domin sefa a ɗaure take da yuro, kusan 656 kowane ɗaya, naira kuwa tun da aka sake ta a tsakiyar 2023 take hawa da sauka, farashin kaya a can na bin ta. A yi magana da sefa, a gaban wani dattijo da su biyun ke jin nauyinsa. Ba rashin yarda ba ne, rai da lafiya da arziki duk na Allah ne, kuma yaron da aka yanke wa tallafi a aji uku ya fi wanda bai fara ba shiga uku.

Innarka ba don ba ta da ra'ayi ta yi shiru ba. Tana tsakanin mijinta da yayanta ne. In ta ce Zariya, ta bi ɗan uwanta ta bar mijinta. In ta ce Kano, ta watsa wa yayanta ƙasa a ido bayan ya miƙo hannu. Kowace kalma ta furta sai ta yi rauni a wani wuri, shi ya sa ta haɗiye. Ina ganin ta fi ka rashin barci. Kada ka tambaye ta wacce za ka zaɓa, wannan ɗora mata kaya ne. Ka same ta ita kaɗai bayan isha'i, ka faɗa mata abin da ka yanke da dalilinka, ka roƙe ta addu'a, ka tambaye ta wane dattijo ne zai iya zaunar da mutanen nan biyu. Ta san shi, mata sun fi mu sanin wanda maganarsa ke shiga.

To ga ra'ayina, tunda ka nema. In Kawu ya yarda ya zo ya sami Baba, aka tsayar da maganar kuɗi a gaban shaida, ka sa Zariya a zaɓin farko. Ka gina tushenka a Samaru, ka buɗe bakinka da Ingilishi, ka fito da sakamako mai ƙarfi, sannan ka nufi cibiyar Kano don masta da tambayarka ta albasa a hannu. Ta haka ba ka bar burinka ba, ka jera shi ne daki-daki. In kuwa Kawu ya ƙi zuwa, ko maganar kuɗin ta ƙi tsayawa, ko Baba ya ji duk bayanin nan ya ce har yanzu hankalinsa bai kwanta ba, ka sa Kano da zuciya ɗaya, ba ka faɗi ba ko kaɗan. Sai dai ka roƙi Baba abu biyu: ka zauna a ɗakin kwanan ɗalibai maimakon gidan mai masauki, kuma aike ya tsaya ga ranakun da ba karatu. Karatun da uba bai sa wa albarka ba, ko a ina ne, nauyi gare shi.

Maganar amininka gajera ce. Shi ma nema zai yi, bai samu ba tukuna, kuma abota ta gaskiya ba ta mutuwa a kan tafiyar awa uku.

Abin da aka faɗa maka game da zaɓin farko haka yake. Hukumar JAMB ce ke shirya jarrabawar shiga, a kwamfuta ake yin ta, darussa huɗu, maki 400, kuma Ingilishi dole ne a cikinsu. Manyan jami'o'i irin waɗannan biyu, da masu nema suka yi musu yawa, waɗanda suka sa su a farko suke kira tantancewa. Amma akwai damar canza zaɓi bayan sakamako ya fito, da ɗan kuɗi, saboda haka alƙalami bai bushe ba ranar da ka cika takarda. Akwai kuma ƙofa ta biyu, ta shiga kai tsaye aji biyu ga masu takardar da ta wuce ta sakandare. Ka rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai na kowace jami'a ka tambaya ta wace ƙofa suke karɓar mai bak na Nijar a fannin aikin gona, waɗanne takardu za a fassara zuwa Ingilishi, wa zai buga musu hatimi, kuma nawa ɗalibin waje ke biya, domin kuɗinsa daban yake da na ɗan ƙasa. Ka nemi amsa a rubuce. Kada ka ba kowa ko dala da sunan zai samo maka gurbi ta bayan gida, ƴan damfara sun fi yawa a wannan lokaci. Amsoshin nan kaɗai za su iya yanke gardamar: in ɗaya ta karɓe ka aji biyu ɗaya ta ce sai aji ɗaya, shekara guda ce da kuɗinta.

Nan gida ma akwai aiki. Kafin ka tafi, ka je ko ka aika ma'aikatar ilimi mai zurfi a Yamai a tabbatar maka yadda ake daidaita takardar da za ka dawo da ita da tamu, ka kuma leƙa ANAB, hukumar tallafin ɗalibai, ka ji ko sakamakonka ya ba ka haƙƙin buris. Ka yi fasfo, kada ka dogara da katin ɗan ƙasa kamar yadda fatake suka saba, tunda ƙasarmu ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Janairun 2025 kuma ɗalibi zama zai yi, ba shiga da fita ba. Sannan ina roƙonka da babbar murya, ka yi rajista a gida ma. Jami'ar Abdou Moumouni tana da tsangayar aikin gona, ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi tana da ita, ta Djibo Hamani da ke garinku ma haka. Rajistar JAMB a farkon shekara ake buɗe ta, jarrabawar kuma sai wajen bazara, ka ga akwai watanni a tsakani da bai kamata ka yi su a zaune a fada kana shan shayi ba. In Najeriya ta yiwu, ka tafi da abin da ka ƙaru da shi. In ba ta yiwu bana ba, ba ka yi asarar shekara ba, kuma mai lisans daga gida da Ingilishi mai kyau shi ma yana iya neman masta a Kano. A watannin nan ka sami malamin Ingilishi, ka sayi littattafan tsoffin tambayoyin jarrabawar, ka koyi sunayen abubuwan da ka sani da Faransanci a sabon harshe, ka saba da amsa tambaya a kwamfuta da agogo na tafiya.

Abu na ƙarshe da zan so ka yi kafin ka cika kowace takarda: ka roƙi Baba ka bi shi tafiyarsa ta gaba. Gani ya kori ji. Ka yini a tsangayar aikin gona ta Kano, washegari ka hau mota ka yini a ta Samaru. Kada ka tsaya kallon ƙofa da dogayen gine-gine. Ka nemi ɗaliban aji huɗu, waɗanda rana ta ƙona a gona, ka tambaye su sau nawa suka taɓa kayan ɗakin gwaji da hannunsu, mutum nawa ke kwana a ɗaki ɗaya, yaya ruwa da wuta, nawa suke ci a wata. Ka tambayi inda ɗaliban Nijar suke, za ka same su a duka biyun, su za su faɗa maka abin da ba a rubutawa a takarda. In da hali ka ja Baba ya raka ka Zariya, ya ga hanyar da idonsa, ya ga ɗakin kwana, ya yi sallar azahar a masallacin jami'a. Uban da ya taka wuri da ƙafarsa ba ya jin tsoronsa kamar wanda aka ba labari.

Ranar da za ka yi masa magana, kada ka fara da sunan Kawu, kada kuma ka fara da wacce ta fi. Ka zauna ƙasa, ka ce: Baba, na san tsaron lafiyata kake yi, ga abin da na bincika, ga yadda nake ganin za a yi, amma maganarka ce ta ƙarshe. Ka nuna masa amsoshin da jami'o'in suka aiko, ka nuna masa lissafin shekara biyar da sefa, ka ce kana so mai masaukinsa ya zama uba gare ka a can ko ina ka sauka. Daga nan ka yi shiru ka bar shi ya kwana da maganar, kada ka nemi amsa a ranar. Innarka kuma ta riga ta san dattijon da zai je wa Kawu.